Hannun Da Na Ɗaga Wa Injin Fetur

Ku da kuke bin labarina, na ga saƙonninku duka. Wata ta ce zuciyata ba ta da kyau, wata ta ce kishi ne kawai kuma kowace mace da nata. To ku adana ragowar zagin, don abin da zan faɗa muku yau ya fi na baya muni, kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan shafa masa hoda ba.

Wanda yau ya fara karantawa, sunana Marni, shekarata ashirin da huɗu, autar Graeme Tolhurst manomin alkama a Tallabin. Garinmu ba shi da 'yan kwana-kwana masu albashi. In wuta ta tashi a gona mu ne dai, manomi ya bar tarakta, malama ta bar aji, kowa ya zura rigarsa ruwan ɗorawa ya nufi rumfar motoci da gudu. A ƙaramar motar da gari ya saya da kansa mu uku ne. Tsoho Merv ke tuƙi, ni ina baya wajen injin da ke tura ruwa, Darcy Pell kuma shi ke sauka da tiyo ya tunkari wutar.

Darcy nawa. Shekara biyu ke nan yana zuwa gidanmu cin abincin ranar Lahadi, har kujerarsa daban, har kare ya daina yi masa haushi. Ina son shi son da ban iya ɓoyewa, kowa a gari ya sani, mai shagon burodi ma tambayata take wane irin kek za a yi ranar biki. Zoben baiko ne dai shiru har yanzu. Ban damu ba sosai, sai da Shona ta sauka a garin.

Bakanikiyar manyan injinan dizal ce, daga wajen haƙar ma'adinai na arewa ta dawo ta buɗe gareji a tsohon shagon faci. Doguwa, jan gashi ɗaure da guntun roba, baƙin mai a ƙarƙashin farce. Ba ta shafa komai a fuska, kuma abin haushin shi ne ba ta buƙata. Satinta biyu ta shiga ƙungiyarmu, sati na uku ta sa wa injina ido.

Na ce injina, don a kansa na koyi aiki tun ina 'yar shekara sha shida. Ja ne, mai shan fetur, igiya ake ja ya tashi. Baba ne ya zaɓo shi lokacin yana kyaftin, kuma ko mu 'ya'yansa ba ya yabo kamar yadda yake yabonsa.

Wata Asabar da safe na shiga rumfar da kofin shayi biyu, nawa da na Darcy. Na tarar da su sun haye bayan mota, kai a haɗe, sun sunkuya kan injin. Hularsa ce a kanta. Hular da ni ce na saya masa.

"Ka ga nan?" take ce masa. "Siririn bututun fetur ya bi ta jikin salansa. Ranar da zafi ya kai zafi, man zai tafasa a ciki ya koma iska, injin ya shaƙe. Ka ja igiya har kafaɗarka ta goce, ba zai tashi ba sai ya ga dama ya huce."

"Dizal fa?"

"Dizal ba ruwansa da wannan. Kuma daga tankin mota zai sha, ba sai an tsaya ɗura jarkar fetur wuta na lasar ƙeya ba."

Darcy ya ɗago ya gan ni, ya washe baki. "Marns, zo ki ji karatu. Wallahi yarinyar nan ta san kan inji."

"Ina ji daga nan," na ce. "Shekara takwas ina kansa, bai taɓa yi min gardama ba."

"Sa'a kika yi," in ji Shona, ba tare da ta ko ɗago ba. Ta miƙo hannu ta karɓi kofi ɗaya. "Na gode, kamar kin san maƙogwarona ya bushe."

Kofin Darcy ta ɗauka. Shi kuwa gogan dariya ya yi, ya karɓi nawa ya kurɓa. Ni da na dafa shayin na koma gida ban sha ba.

A ranar gaskiya na faɗa, bai taɓa mutu min ba. Kwana takwas bayan haka ne gaskiyar ta ƙare. Lahadi ce, wajen sha ɗaya na safe, amma zafi ya riga ya haura digiri arba'in. Layina ne na gwajin mako, na kai motar bakin tafkin gari ni kaɗai, na tayar da injin ina fesa ruwa. Minti ashirin yana ruri lafiya lau. Sai ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Na duba mai, akwai. Na duba fulogi, lafiyarsa ƙalau. Na ja igiya har sau talatin, ko atishawa bai yi ba. Sai da na zauna a inuwar mota kusan kwatan awa, sannan ja ɗaya ya tashi kamar ba shi ba. Daidai yadda ta faɗa, babu ragi babu ƙari.

A rumfarmu akwai farin allo a jikin bango. Doka ce tun kafin a haife ni, duk wanda ya ga matsala a mota, komai ƙanƙantarta, ya rubuta a allon kafin ya cire takalminsa. Fitila ta mutu, ka rubuta. Tiyo na ɗiga, ka rubuta. Allah ya sani na ɗauki alƙalamin, har na cire murfinsa. Sai wayata ta yi ƙara.

"Marns, ki ba Mama haƙuri, yau ba zan samu zuwa cin abinci ba. Mun taho birni da Shona duba wani injin dizal."

Kafin in haɗiye wannan, hoto ya shigo. Su biyu tsaye, koren inji a tsakaninsu, ta dafa kafaɗarsa tana dariya har haƙoranta na ciki. A ƙasa ya rubuta, "Kin ga kyakkyawa?"

Injin yake nufi. Na san injin yake nufi. Amma awa biyu ne tafiyar birni, biyu dawowa, su kaɗai a mota. Na hango ranar da za ta shigo rumfar ta karanta rubutun hannuna a allon, ta juya ta kalle shi, ya ce mata, ai kin faɗa. Na mayar da murfin alƙalamin na ajiye, na rubuta masa "Ya yi kyau" na kashe wayar.

A gida Mama ta shimfiɗa farin ƙyallen teburin da ba ta fitar da shi sai Lahadi, ta gasa cinyar rago da dankali da kabewa, ta jera faranti huɗu. Da na faɗa mata Darcy ba zai zo ba, sai ta ɗauke faranti na huɗun ta mayar kabad da ƙarfin da ya sa sauran suka yi kuka.

"Namijin da zai bar cinyar rago ya tafi kallon ƙarfe da wata," ta ce, "ba ƙarfen kaɗai yake kallo ba. Ke kuma kina nan zaune kamar an dasa ki. Shekara biyu, Marni. Yayarki wata tara aka yi aka sa mata zobe."

"Mama, don Allah."

"Don Allah me? Ki gyara gashin nan naki ma kin ƙi. Kullum cikin wandon aiki kamar mai askin tumaki."

"Ita ma ai wandon aikin take sawa."

"Ita baƙuwa ce, komai ta sa sabo ne a idonsa."

Baba yana yanka nama, shi ba ta Darcy yake ba. "Dizal!" ya ce, ya nuna ni da wuƙa. "Kin san nauyinsa? Duk abin da ya ƙara na nauyi, ruwa za a rage a tanki. Kuma batir ke tayar da shi. Ɓera ya ci waya ɗaya a rumfa, shi ke nan, sai a tsaya ana kallon wuta. Nawa kuwa igiya ce, yaro ma ya ja. In ya lalace, kowane manomi a yankin nan zai kwance shi da sifana ɗaya. Yarinya ta zo jiya za ta koya mana kashe wuta!"

Maganarsa ba ƙarya ba ce, shi ya sa ta yi min daɗin fakewa. Na buɗe baki sau ɗaya zan faɗa masa abin da ya faru a tafki. Sai ya ƙara da cewa, "Ranar taron da za a yi kan maganar injin ki miƙe ki faɗa musu, ke ce shaida." Na cusa dankali a baki na haɗiye maganar.

Mako na zagayowa na koma tafkin a ɓoye, ranar ma ta fi zafi. Ya sake mutuwa. Wannan karon na kwarara ruwan sanyin gorata a kan siririn bututun, cikin minti biyar ya tashi. Na ce wa kaina, to ai ga magani na samu, ba sai kowa ya ji ba. Haka na lallashi zuciyata, kuma ta yarda, don dama so take a lallashe ta.

Ranar Alhamis da ƙarfe shida aka yi taron a zauren gari, rana ba ta ko yi sanyi ba. Abin da aka tara daga sayar da kek da gashin nama na shekara, ko dai a sayi injin dizal da shi, ko a bar na fetur a gyara rufin rumfa. Na bi maganar Mama. Na sa shuɗiyar rigata mai ƙananan furanni wadda Darcy ya taɓa cewa tana yi min kyau, na saki gashi, na sa 'yan kunnen kakata, har jan baki na goga. Da na shiga, Merv ya yi fito ya ce, "Yau ɗaurin auren wa ake?" Kowa ya yi dariya. Darcy ya ɗaga min hannu daga gaba, inda yake zaune kusa da ita suna jera takardu. Ita da kayan garejinta ta zo, da tabon mai a kumatu. Na ga ya nuna mata wurin da yatsa, ta goge da bayan hannu.

Baba ya yi jawabinsa na nauyi da ɓera, tsofaffi suna gyaɗa kai. Shona ta yi nata a taƙaice, matasa suna gyaɗa kai. Aka yi ta ja-in-ja har fankar sama ta fara kukan gajiya. Can sai Shona ta juyo, ta dube ni ido cikin ido.

"Mu daina zato. Marni ce ke kansa kullum. Marni, tsakaninki da Allah, ya taɓa mutu miki a cikin zafi?"

Kowa ya juyo yana kallona. Kafin in ce wani abu, Darcy ya miƙe.

"Ni dai dizal nake so, kowa ya sani," ya ce. "Amma ni ke gaba da tiyo, Marni ke bayana. Duk abin da ta faɗa, shi zan bi."

Ku faɗa min, wace irin mace ce za ta ji wannan ta yi ƙarya? Ga ta nan tana rubuto muku. Ban ga Darcy ba a lokacin, Shona kawai nake gani, da yadda ta ɗan karkata kai tana jirana, kamar malamar da ta riga ta san amsa.

"Ko sau ɗaya," na ce. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Kyaftin na yanzu ya ce masu son a bar na fetur su ɗaga hannu. Na ɗaga nawa. Baba ya ɗaga. Darcy ya dubi Shona ya ɗage kafaɗa alamar haƙuri, sannan ya ɗaga nasa. Sha ɗaya da tara, fetur ya ci. Ba zan ɓoye muku ba, daɗin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba. A gaban gari ya zaɓe ni ya bar ta. A mota Baba har waƙa yake, Mama ta matse min hannu ta ce, "Kin ga amfanin riga?"

Shona ba ta yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan. A bakin ƙofa ta ce min, "To madalla, wataƙila ni ce na cika tsoro." Sati bai cika ba ta sayo koren injin nan da kanta, ta ɗaura a bayan akori-kurarta da tankin ruwa, yadda manoma da yawa ke yi lokacin girbi. Ina wucewa ta gaban garejinta ina kawar da kai.

Kwana goma sha biyu bayan taron, ranar Talata da ƙarfe biyu da 'yan mintuna, wayoyin gari suka ɗauki kuka lokaci guda, jiniyar rumfa ta bi baya. Injin girbi ne ya yi tartsatsi a gonar tsohuwa Beryl, iskar arewa kuma tana kaɗawa da zafi kamar an buɗe murhu. Ina cikin wanke kwanuka, na fita da kumfa a hannu.

Kafin mu isa, wutar ta cinye rabin alkamar, hayaƙi ya mai da rana ja. Babbar motar ƙungiyarmu ta bi gefen gabas. Mu aka ce ta oba-oba mu tare wajen rumbun ciyawa, inda Beryl ta kulle tumakinta kusan ɗari uku a shinge. Merv ya tsaya, na ja igiya, ja ɗaya injin ya tashi. Darcy ya ja tiyo ya shige tsakanin shingen da wutar, ya yi nisa har sai rigarsa kawai nake hangowa a cikin hayaƙi. Kafin ya shige ya juyo ya ɗaga min babban yatsa.

Ina tsaye ina ƙirga mintuna a raina. Goma. Sha biyar. Ƙarfen motar ba ya taɓuwa don zafi, tumaki na kuka, gumi na shiga min ido. Na ce, yau dai ka rufa min asiri, gobe da kaina zan rubuta a allo, da manyan baƙaƙe. Har alkawari na yi wa inji, ku ji irin wautar.

Sai ya yi tari sau biyu.

Na ga tiyon da ke miƙe kyam ya saki ya kwanta a ƙasa. A daidai lokacin iska ta juya, harshen wuta ya karyo ta bayan Darcy. Na ji muryarsa, "Marni! Ruwa! Marni!" Ban duba mai ba, ban duba fulogi ba. Na fizgo gorata na kwarara a kan siririn bututun, ruwan ya yi cuu ya tashi tururi, don gorar ma ta yi zafi. Na ja igiya. Na ja, na ja, na ja, har safar hannuna ta yage, fatar tafina ta bi ta. Merv na ihu a oba-oba yana ƙoƙarin matsawa da mota, amma shingen ya tare shi. Ban ƙara ganin rigar Darcy ba.

Daga hagu na ji wani ruri daban, mai kauri, wanda ba ya tari. Akori-kurar Shona ce ta ratso ta cikin karan alkama ta banke shingen. Ta yi tsalle ta sauko da tiyo, ta buɗe ruwa kan inda Darcy ya faɗi, tana tafiya tana fesawa, har ta shige hayaƙin. Da ta fito, hannunsa na wuyanta, kansa na kafaɗarta. Ni ina nan riƙe da igiya.

Injina ya tashi bayan an ɗauke Darcy. Ja ɗaya.

Tumakin sun tsira, rumbun ya ƙone. Darcy ya ƙone a hannuwa biyu da gefen wuya, aka wuce da shi asibitin babban gari. Da yamma mutane suka yi ta shigowa gidanmu suna duba tafin hannuna suna cewa sannu jaruma. Baba ya zauna a baranda bai ci abinci ba. Sau ɗaya ya yi magana, ya ce, "Ni na kashe yaron nan da taurin kaina," Mama ta ce ya rufe baki, ba wanda ya mutu. Na bar shi ya ɗauki laifin ya kwana da shi.

Washegari Mama ta dafa romon kaza ta zuba a kula, ta yanka kek ɗin lemo, ta fito min da farar riga mai dogon hannu.

"Tashi ki tafi tun wata ba ta riga ki ba," ta ce. "Namiji ba ya manta wadda ta ba shi abinci a baki yana kwance."

An riga ni. Da na tura ƙofar ɗakin da azahar, Shona na zaune a bakin gadonsa, riƙe da kofin ruwa da tsinken zuƙa a bakinsa. Hannuwansa biyu naɗe da farin bandeji har gwiwar hannu, an jingine su kan matasai. Kun san abin da na fara ji? Ba tausayi ba, ba kunya ba. Kishi. Mutumin da na kusa kashewa yana kwance, ni kuwa abin da ke cina shi ne yadda yatsanta ke goge masa ɗigon ruwa a haɓa. A nan na tsorata da kaina.

"Marns!" Fuskarsa ta yi haske. "Zo nan. Nuna min hannun. Merv ya ce kin ja igiyar nan har nama ya fito."

"Ba komai ba ne."

"Kar ki sa wa ranki damuwa, kin ji? Inji ne, wa ya san zai yi haka? Ina kwance a wurin nan abu ɗaya kawai nake faɗa wa kaina, Marni na baya, ba za ta bar ni ba." Ya yi murmushi, ya ɗan cije leɓe don zafin wuyansa. "In na fita akwai maganar da zan yi da Babanki. Na daɗe ina jan ƙafa, jiya na gane wauta ce."

Maganar da na shekara biyu ina jira ke nan, kuma a gabanta ya faɗe ta. Da mako biyu baya ne, da sai na taka rawa.

Shona ta ajiye kofin a kan ɗan teburin gefen gado. "Bari in ba ku wuri. Marni, ɗan raka ni ki nuna min inda ake sayar da shayi."

A baranda ta tsaya, ta jingina da bango, ta harɗe hannu. Girarta ɗaya ta babbake, ban lura ba sai a lokacin.

"Ina tahowa na hango ki," ta ce a hankali. "Duk wanda inji ya mutu masa karo na farko, tankin mai yake fara buɗewa. Ke gora kika ɗauka, kika nufi bututun kai tsaye. Sau nawa?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tafin hannuna.

"Sau nawa, Marni?"

"Biyu."

"Kafin taron?"

Na gyaɗa kai. Na jira ta zage ni, da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Numfashi kawai ta ja.

"Saboda ni?"

"Hularsa ma ke kike sawa," na ce. Abin da ya fito daga bakina ke nan, ni da kaina na ji ƙanƙantarsa.

"Rana ce ta dame ni, ya ara min." Ta girgiza kai. "Ni ba zan faɗa masa ba, ba maganata ba ce. Amma in ya warke zai sake ɗaukar tiyo, ya sake juya miki baya. Ba zan tsaya ina kallo ya yi haka bai sani ba. Ina nan a kan bencin can."

Na koma ɗakin na rufe ƙofa. Yana ganina ya ce, "Me Mama ta aiko min? Ƙamshin nan ya tayar min da yunwa." Na ajiye kular. Na zauna inda ta tashi, wurin da ɗuminta. Zan iya buɗe kular in ba shi a baki, in bar maganar zuwa gobe, zuwa bayan zobe, zuwa bayan biki. Na dubi hannuwan nan biyu a kan matasai.

"Darcy, injin ya mutu min sau biyu a tafki kafin taron. Na sani. Ban rubuta ba, kuma da aka tambaye ni na yi ƙarya."

Murmushin bai tafi nan take ba, sai da ya ɗan tsaya a fuskarsa kamar yana jiran in ce wasa nake.

"Don Babanki?"

Ƙofa ce ya buɗe min, da na ce e da wataƙila ya fahimta. "A'a. Don kar ka ce Shona ta yi gaskiya."

Bai yi ihu ba. Ya daɗe yana kallon bandejin, ya ɗan motsa yatsun da suka leƙo, ya mai da ido kan silin. Ina jin ƙarar keken magani na wucewa a waje. Leɓensa ya bushe ya tsage, na ga ya lashe shi. Na yi sauri na ɗauki kofin ruwan, na gyara tsinken, na kai bakinsa.

Ya kawar da kai gefen bango.

"Ajiye," ya ce. "Kira min Shona, ƙishirwa nake ji."